Tarken Sanarwar Talwar ta 1990: Harshen Alkawarin Jami'o'i Kan Tattalin Muhalli

1.0 Gabatarwa

A bisa al'ada, idan aka ambaci tarke a sashen nazarin harsunan Afirka, hankalin ɗalibi yakan tafi ne ga rubutacciyar waƙa ko ƙagaggen labari ko wasan kwaikwayo. Sai dai ma'aunin da ake ɗora waɗannan a kansa, wato jigo da zubi da tsari da salo, yana aiki a kan kowane matani da aka rubuta domin a shawo kan mai karatu. Takardun yarjejeniya da sanarwar bayan taro suna cikin irin waɗannan matanoni. Su ne kuma ɗalibin harshe ya fi cin karo da su bayan ya gama karatu, domin su ake miƙo masa a gidan rediyo ko a ofishin wata ƙungiya, a ce ya mayar da su Hausa kafin la'asar.

Wannan takarda ta ɗauki ɗaya daga cikinsu, wato Sanarwar Talwar ta 1990, wadda shugabannin jami'o'i suka yi alkawari a cikinta cewa jami'o'insu za su shiga gaba wajen kula da muhalli. Za a dubi tarihin matanin, da zubinsa, da yadda aka sarrafa harshe a cikinsa, da kuma matsalolin da mai fassara shi zuwa Hausa zai haɗu da su. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, raunin da ake gani a ayyukan kula da muhalli a harabar jami'o'i da dama, irin su dashen da ba ya kai wa damina ta biyu, yana da tushe a cikin nahawun alkawarin kansa. Mai fassarar da bai lura da wannan ba zai kwashi raunin ya kai shi cikin Hausa, wataƙila ma ya ƙara masa.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Matanin

Talwar, wanda ake rubutawa Talloires da Faransanci, ƙaramin gari ne a bakin tafkin Annecy, a kudu maso gabashin Faransa. Jami'ar Tufts ta ƙasar Amurka tana da cibiya a garin. A watan Oktoba na 1990 shugaban wannan jami'a na lokacin, Jean Mayer, ya gayyaci takwarorinsa wajen 20 daga sassan duniya, suka zauna a can, suka tashi da sanarwa mai ƙudurori 10. Cikin waɗanda suka fara sa mata hannu akwai Farfesa Adamu Nayaya Mohammed na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Farfesa Ayo Banjo na Jami'ar Ibadan, da Farfesa Akilagpa Sawyerr na Jami'ar Gana da ke Legon. Ke nan tun ranar da aka haifi wannan matani akwai hannun wata jami'a ta ƙasar Hausa a kansa. Daga baya jami'o'i da kwalejoji fiye da 500, daga ƙasashe fiye da 50, sun bi sahu.

Sanarwar ba daga sama ta faɗo ba. A 1972 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taronta na farko kan muhalli a birnin Istokholm. A 1977 aka yi taron Tbilisi kan koyar da ilimin muhalli. A 1987 kuma kwamitin da Gro Harlem Brundtland ta jagoranta ya fitar da rahoton da ya yaɗa tunanin da ake kira da Hausa "ci gaba mai ɗorewa", wato biyan buƙatun mutanen yau ba tare da an toshe wa ƴan baya hanyar biyan nasu ba. Sanarwar Talwar ta zo ne shekara 3 bayan wannan rahoto, shekara 2 kafin taron Riyo na 1992. Muhimmancinta a tarihi shi ne, ita ce sanarwa ta farko da shugabannin jami'o'i suka ɗauki irin wannan alkawari da bakinsu a hukumance.

3.0 Zubi da Tsari

Matanin gajere ne, shafi ɗaya yana iya ɗaukar sa. Ya kasu gida biyu: shimfiɗa da ƙudurori.

Shimfiɗar tana tafiya ne hawa-hawa. Ta fara da nuna damuwa kan gurɓacewar iska da ruwa, da taruwar shara mai guba, da ƙarewar dazuzzuka da ƙasar noma, da sirancewar lulluɓin ozon, da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Daga nan ta faɗi musabbabi, sannan magani, sannan matsayin jami'a, ta rufe da ɗaukar alkawari. Ɗalibin da ya nazarci waƙoƙin wa'azi zai gane wannan tsari, domin can ma akan fara ne da tsoratarwa kafin a zo ga kira.

Ga taƙaitaccen abin da ƙudurorin suka ƙunsa:

1. Wayar da kan jama'a da hukumomi da masana'antu da jami'o'i.
2. Ƙarfafa wa dukkan jami'o'i gwiwa su shiga koyarwa da bincike kan yawan jama'a da muhalli da ci gaba.
3. Kafa shirye-shiryen samar da ƙwararru, yadda duk wanda ya gama jami'a zai fita da sanin muhalli.
4. Ƙirƙiro shirye-shiryen horar da malamai don su iya koyar da wannan sani.
5. Zama abin koyi ta hanyar tsimin albarkatu da rage shara da sake sarrafa ta a cikin jami'a.
6. Ƙarfafa wa gwamnati da gidauniyoyi da masana'antu gwiwa su tallafa, tare da faɗaɗa aiki da ƙungiyoyi masu zaman kansu.
7. Tara malamai da masu gudanarwa da ma'aikatan muhalli don tsara manhaja da bincike.
8. Ƙulla hulɗa da makarantun firamare da na sakandare.
9. Yin aiki tare da ƙungiyoyin ƙasa da na duniya.
10. Kafa sakatariya da kwamitin da zai ci gaba da tafiyar da lamarin.

Idan aka dubi wannan jeri, za a ga cewa ƙuduri na 5 shi kaɗai ne ya juyo da fuska sosai ga harabar jami'a, wato ga famfo da fitila da kwandon shara. Sauran suna magana ne a kan aji, ko taro, ko waɗanda ke wajen ganuwa.

4.0 Abubuwan Yabo

Tarke ba neman aibi kaɗai ba ne, don haka wajibi ne a faɗi inda matanin ya yi ƙarfi. Da farko, bai ɗora laifin lalacewar muhalli a kan talaka ba. Ya danganta ta ne da rashin adalci a yadda ake samar da kaya da yadda ake cin su a duniya, ya kuma ce wannan shi ke ƙara tsananta talauci. A 1990 ba ƙaramin abu ba ne a ji haka daga bakin shugabannin manyan jami'o'in ƙasashe masu arziki, a lokacin da aka saba nuna wa mai saran itacen girki da makiyayi yatsa.

Na biyu, ƙuduri na 3 bai keɓe sanin muhalli ga ɗaliban kimiyya ko na aikin gona ba. Ya ce kowane ɗalibi, ke nan har da na sashen harsuna. Na uku, gajartar matanin da sauƙin jimlolinsa sun sa ana iya karanta shi a zama ɗaya, a liƙa shi a allon sanarwa. Na huɗu, ƙuduri na 5 ya taɓo inda ke yi wa jami'a ƙaiƙayi. Hausawa na cewa wanzami ba ya son jarfa. Jami'a ta saba koya wa wasu gyara, ba ta saba a leƙa bayan ɗakunan kwananta ba, kuma wannan ƙuduri ya buɗe ƙofar leƙawar.

5.0 Salo da Sarrafa Harshe

5.1 Nauyin Aikatau

Ƙarfin kowane alkawari yana cikin aikatau ɗinsa. Ana iya kasa aikatau na ƙudurorin nan gida uku. Kashi na farko su ne waɗanda ba su da iyaka, irin su wayar da kai, da ƙarfafa gwiwa, da yin aiki tare (ƙuduri na 1, 2, 6, 9). Kashi na biyu su ne kafawa da ƙirƙirowa da tarawa (ƙuduri na 3, 4, 7, 8, 10). Waɗannan sun fi na farko nauyi, amma idan aka dubi karɓau ɗinsu sai a tarar shiri ne, ko taro, ko kwamiti. Kashi na uku shi ne ƙuduri na 5, wanda ya ambaci albarkatu da shara.

Akwai gwaji mai sauƙi da ɗalibi zai iya yi wa kowace jimla ta alkawari: ya kore ta, sannan ya tambayi kansa ko akwai hanyar tabbatar da korewar. A dubi waɗannan misalai biyu:

(a) Za a ƙarfafa wa ɗalibai gwiwa su kula da itatuwa.
(b) Sashen ayyuka zai ba itatuwan gaban ɗakin karatu ruwa sau biyu a mako, daga Maris zuwa Yuni.

Ba wanda zai iya tsayawa ya rantse cewa "ba a ƙarfafa gwiwa ba", domin jawabi guda a ranar bikin yaye ɗalibai ya isa a ce an yi. Amma jimla ta (b), duk mai wucewa zai iya taɓa ƙasar gindin itacen ya ce an yi ko ba a yi ba. Alkawarin da ba a iya kama mai shi da saɓawa bai cika alkawari ba. An ce alkawari kaya ne, kayan kuwa ana gane shi ne da nauyinsa a ka. Mafi yawan ƙudurorin Talwar irin jimla ta (a) ne.

5.2 Rashin Adadi da Wa'adi

Ban da lambobin jeri, babu adadi ko ɗaya a cikin ƙudurorin, babu kuma wa'adi. Shimfiɗar ta nanata cewa lamarin na gaggawa ne, amma ba a ce "cikin shekara kaza" ba a ko'ina. Wannan saɓani ne tsakanin jigo da salo: jigon yana cewa gobara ta tashi, salon yana tafiyar hawainiya.

Ba za a ce a zamanin ba a san rubuta alkawari mai adadi ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan sinadaran da ke cinye lulluɓin ozon ta faɗi yawan abin da za a rage da shekarar da za a kai. Gaskiya ne ita yarjejeniya ce ta ƙasashe, mai ƙarfin doka. To amma a tsakanin jami'o'i ma an samu misali daga baya. Alkawarin da shugabannin jami'o'i da kwalejojin Amurka suka ƙaddamar a 2007 kan sauyin yanayi ya ɗora wa duk wadda ta sa hannu ta ƙididdige hayaƙin da take fitarwa cikin shekara 1, ta fito da tsarin aiki cikin shekara 2, ta kuma bayyana rahotonta ga jama'a. Haka nan, lokacin da aka ƙaddamar da tashar lantarki mai haɗa hasken rana a Jami'ar Bayero ta Kano a 2019, an faɗi ƙarfinta, wato megawat 7.1. Jimlar da ke ɗauke da irin wannan adadi tana ba ɗalibi da ɗan jarida abin da za su koma su tambaya bayan shekara biyar.

Ana iya kare marubutan da cewa sun so ne kowace jami'a, mai kuɗi da marar kuɗi, ta iya sa hannu. Wannan uzuri yana da ƙarfi, kuma shi ya sa sanarwar ta yaɗu. Sai dai sauƙin sa hannun shi ne kuma ya sa ake iya sa hannu a koma a kwanta.

5.3 Masu Magana da Waɗanda Aka Tsallake

Matanin ya buɗe da wakilin suna na jam'in masu magana, wato shugabannin jami'o'i. Ɗalibai sun fito ne a matsayin karɓau kawai: za a koyar da su, za a yaye su da sani. Ba su fito a matsayin aikau ba ko sau ɗaya, alhali a jami'o'i da yawa ƙungiyoyin ɗalibai ne ke fita share haraba da dashe.

Akwai kuma waɗanda ba a ambata ba sam: masu shara, da masu ban ruwa, da masu gyaran famfo, da mata masu sayar da abinci a bakin ƙofa, da maƙwabta masu awakin da ke shigowa kiwo. A hannun waɗannan ne ƙuduri na 5 zai rayu ko ya mutu. A Nijar tun 1975 ake dashen itatuwa a ranar 3 ga Agusta. Dashe a watan Agusta ba wuya, ƙasa a jiƙe take. Jarrabawar tana zuwa ne a bazara, lokacin da dogon yaron da aka dasa yake buƙatar shinge da bokitin ruwa, manyan baƙin da suka dasa shi kuwa sun daɗe da tafiya. Wanda zai ɗauki bokitin ba shi da gurbi a cikin sanarwar.

Bugu da ƙari, jerin masifun da shimfiɗa ta kawo bai kira fari da gurgusowar hamada da sunansu ba, duk da cewa farin farkon shekarun 1970 da na 1984 ba su daɗe da wucewa ba a yankin Sahel. Mai karatu a Yamai ko Marwa zai ga matsalarsa ne a fakaice, ƙarƙashin "ƙasa da ruwa".

6.0 Matsalolin Fassara Zuwa Hausa

6.1 Zaɓen Lamiri

A Ingilishi kowane ƙuduri ya fara ne da tsurar aikatau, wanda ke rataye da jimlar "mun amince" ta ƙarshen shimfiɗa. Hausa ba ta barin mai fassara ya wuce nan ba tare da ya yi zaɓi ba. Yana iya cewa "za mu kafa", ko "mu kafa", ko "a kafa", ko ya fake da sunan aikatau ya ce "kafa shirye-shirye". Na farko alkawari ne, na biyu shawara ce, na uku umurni ne ga wanda ba a sani ba, na huɗu kuwa kan magana ne kawai. Yawancin masu fassara sukan zame zuwa "a" da "za a", saboda su ne harshen ofis ya saba da su. Wannan lamiri yana ɓoye aikau, ke nan ɗan nauyin da asalin matanin ya ɗora wa shugabanni sai ya zube a hanya. Fassarar da ta riƙe amana a nan ita ce "za mu". Wannan darasi ya shafi allunan da ake kafawa a haraba masu cewa "A kiyaye tsabta". Kowa yana karantawa ya ɗauka da wani ake.

6.2 Ɗorewa ko Tattali

Kalmar Ingilishi "sustainable" da ta Faransanci "durable" su ake fassarawa da "mai ɗorewa". Aikatau ɗin "ɗore" yana cikin giredi na 4 a tsarin Parsons, kuma a wannan ma'ana ƙi-karɓau ne: zumunci ya ɗore, mulki ya ɗore. Yana nuna tsawon lokaci ne kawai, ba ya faɗin wanda ya riƙe abin har ya ɗore, ba ya kuma rarrabe alheri da sharri, domin rikici ma yana ɗorewa, haka talauci.

Asalin tunanin kuwa ya shafi awo ne. A 1713 wani jami'in ma'adinai na ƙasar Jamus, Hans Carl von Carlowitz, ya yi rubutu a kan gandun daji inda ya nuna cewa bai kamata a sare fiye da abin da daji zai iya mayarwa ba. Manomin ƙasar Hausa yana da kwatankwacin wannan ƙa'ida: komai tsananin yunwa, ana ƙoƙari kada a ci iri. Kalmar da ta fi kusa da wannan ita ce "tattali". Ana tattalin yaro, ana tattalin dabba, ana tattalin hatsin rumbu. Tana buƙatar mai yi da abin da ake yi wa, tana kuma ɗauke da tunanin gobe. Akwai ƴan uwanta irin su tanadi, da adanawa, da alkintawa, da tsimi. "Ci gaba mai ɗorewa" ya riga ya zauna a kafofin watsa labarai, ba a cewa a tumɓuke shi. Amma idan ana maganar ruwa da wuta da itatuwan haraba, "tattalin muhalli" ya fi kama hannun mai sauraro.

6.3 Sani da Jahilci

Kalmar da ƙuduri na 3 da na 4 suka yi amfani da ita don sanin muhalli an aro ta ne daga fagen iya karatu da rubutu. A Hausa wannan fage yana tafe da kalmar "jahilci", saboda shirin yaƙi da jahilci da aka sani a Nijeriya da Nijar. Idan mai fassara ya bi siffantawar kai tsaye, sai ya wayi gari ya mayar da duk wanda bai shiga jami'a ba jahilin muhalli, har da makiyayin da ya san sunan kowace ciyawa da lokacin fitowarta. "Sanin muhalli" ya wadatar, kuma bai zagi kowa ba.

6.4 Yawan Jama'a

Batun yawan jama'a ya fito a shimfiɗa da kuma ƙuduri na 2 da na 3 da na 8. Wuri ne mai santsi. An ga yadda "ƙayyade iyali" ya gamu da turjiya a ƙasar Hausa, har ma'aikatan lafiya suka fi karkata ga "tazarar haihuwa". Matanin yana magana ne a kan daidaituwar yawan mutanen duniya, bai ambaci iyali ko haihuwa ba. Aikin mai fassara shi ne ya tsaya inda matanin ya tsaya. Kada ya share batun don gudun rigima, kada kuma ya sa wa marubuta kalmar da ba su furta ba.

6.5 Sake Sarrafa Shara

Wannan jimla ta zama ruwan dare a rediyo, sai dai tana sa aikin ya yi kama da baƙon abu. A kasuwar Katako ta Yamai maƙera sun daɗe suna mayar da tsofaffin ƙarafa da gwangwanaye tukwane da murhu da akwatuna. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar takin birni a kan jakuna zuwa gonakinsu. Ƴan gwangwan suna bin unguwanni suna sayen abin da aka yar. Jami'ar da ke son cika ƙuduri na 5 a wannan yanki tana da abokan aiki a bakin ƙofarta, kuma suna da kalmominsu na sana'a da ya kamata ɗalibin harshe ya tattara. Abin da ya gagari wannan tsohon tsari shi ne leda, wadda Nijar ta yi dokar hana shigo da marar kaurinta da sayar da ita a 2014, amma har yanzu ana ganin ta maƙale a ƙaya.

7.0 Giɓin Harshe

Babban abin da matanin ya tsallake, a idon mai nazarin harshe, shi ne harshen kansa. Ƙuduri na 1 ya ce a wayar da kan jama'a, na 8 ya ce a shiga makarantun firamare, amma ba a ce da wane harshe ba. Ga jami'ar da ke Boston wannan ba tambaya ba ce. Ga jami'ar da ke koyarwa da Faransanci ko Ingilishi a tsakiyar masu jin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci kuwa, ita ce tambaya ta farko.

Tun kafin taron Talwar akwai wanda ya haɗa waɗannan batutuwa biyu a rayuwarsa, wato Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992. Masanin kimiyyar fiziya ne da ya shugabanci hukumar makamashin hasken rana ta Nijar shekaru da dama, kuma a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya yi kira da a ba harsunan Afirka matsayinsu a makaranta. A wurinsa, fasahar da za ta amfani jama'a da harshen da jama'a ke ji ba su rabuwa.

Misali mafi ƙarfi ya fito ne daga gonakin Maraɗi. Daga 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka fara yaɗa dabarar renon tohon kututturan da ke cikin gona maimakon dasa sababbin itatuwa. Manomi yakan zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran, ya riƙa yi musu aski. Binciken da aka yi a shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa a jihohin Maraɗi da Damagaram an farfaɗo da fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, gawo yana cikin waɗanda suka fi yawa. Sunan da aka san dabarar da shi a Hausa shi ne "sassabin zamani". A lura da ginin wannan suna. Ya ɗauki aikin da kowane manomi ya sani, wato sassabe, wanda ke da lokacinsa kafin faɗuwar damina, da mai yin sa, da kayan aikinsa, sannan ya ƙara masa kalma ɗaya. Duk abin da ƙudurorin Talwar suka rasa, wato aikau da wa'adi da aikin da ido ke gani, yana cikin waɗannan kalmomi biyu. Wani abin da ya taimaki dabarar shi ne manomi ya samu tabbacin cewa amfanin itacen da ya rena nasa ne. Itacen haraba kuwa sau da yawa na kowa ne, shi ya sa ba ya da mai shi.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa Sanarwar Talwar matani ne mai daraja a tarihi, mai kyakkyawan jigo da tsari mai sauƙin bi. Rauninta yana cikin salo: aikatau marasa iyaka, rashin adadi da wa'adi, ajiye ɗalibai a gurbin karɓau, tsallake ƙananan ma'aikata, da yin shiru kan harshen da za a yi aikin da shi. An kuma ga cewa Hausa tana tilasta wa mai fassara zaɓin da Ingilishi ya ɓoye, musamman wajen lamiri da wajen kalmar "ɗorewa".

Abin da wannan ke nufi ga sashen harsuna shi ne, rabonsa a aikin kula da muhallin jami'a bai tsaya ga fitowa da tsintsiya ranar tsabta ba. Shi ke da alhakin tattara kalmomin manoma da makiyaya da maƙera, da tace keɓaɓɓun kalmomin da kafofin watsa labarai ke ƙirƙirowa, da rubuta alluna da sanarwowin da suka faɗi wanda zai yi, da abin da zai yi, da ranar da za a zo a duba.

9.0 Aikin Ɗalibai

1. Ɗalibi ya zaɓi ƙuduri biyu daga jerin da ke sashe na 3.0, ya sake rubuta kowanne da aikau da adadi da wa'adi, yadda zai dace da harabar jami'arsa.
2. Ya kwafo rubutun alluna biyar na tsabta ko na tsimin ruwa da wuta da ke cikin haraba, ya fassara waɗanda ba na Hausa ba, ya bayyana lamirin da ya zaɓa da dalilinsa.
3. Ya yi hira da mai ban ruwa ko mai shara ɗaya, ya tattaro kalmomi 20 na aikinsa tare da ma'anarsu.